Madubi mai sunkuyawa a ribas: nazarin matsalar wata mota a Kano

## Asalin lamarin

Mai motar ma'aikaciya ce a Kano, shekararta uku da fara tuƙi. Kafin wannan, ƙaramar mota take ja, irin wadda ake gyara madubinta da hannu. A watan Yuni ita da maigidanta suka sayi Lexus RX 350 samfurin 2010, 'yar Kwatano, wadda asalinta don kasuwar Amurka aka ƙera ta. A jikin ƙofar direba akwai maɓallan lamba da ake dannawa kujera da madubai su koma yadda mutum ya saba zama. Akwai kuma kyamarar baya. Littafin motar bai zo tare da ita ba, kamar yadda aka saba gani da irin waɗannan motoci.

Gidansu a lungu yake, kuma kwata ta bi ta ƙofar gidan. An ɗora silab na kankare a kanta don mota ta haye zuwa get. Faɗin silab ɗin mita 2.3 ne, faɗin motar kuwa, ban da madubai, ya kusa mita 1.9. Ke nan ko ta hau tsakiya cif, abin da zai rage a kowane gefe wajen santimita 20 ne. Da baya take shiga gida, don ta fita da gaba da safe lokacin da lungun ke cike da 'yan makaranta. Shigar tana buƙatar karya kwana zuwa dama, tayar baya ta dama ce ke bin bakin silab. Tun 1972 ake tuƙi a hannun dama a Najeriya, sitiyari na hagu, saboda haka wannan tayar ita ce mafi nisa da idon direba.

## Yuni: "madubin faɗuwa yake yi"

Daren farko da ta zo shiga gida, tana sa giya a R, wato ribas, sai ta ji wani ɗan zuu daga ƙofofin gaba, madubai biyun suka sunkuya. Maimakon lungu da katangar maƙwabta, sai ga taya da ƙasa a cikin gilashi. Ta mayar da giya P, suka ɗago. Ta sake sa ribas, suka sake sunkuyawa. Maigadi ne ya yi mata jagora ta shiga, gari na wayewa ta kai motar wajen mai wayarin ɗin da suka saba da shi.

Ta ce masa, "Malam, madubin faɗuwa yake yi in na sa ribas."

Ya ce, "Hajiya, waya ce ta taɓa wata. Ba ni awa ɗaya."

Ya duba fis, ya buɗe murfin cikin ƙofa, ya yi ta danna maɓallan madubi dama da hagu. Can sai sunkuyawar ta daina. Ya mayar da murfi, ya karɓi kuɗin aiki.

Kwana tara ba a ga komai ba. Ranar wata Asabar maigidan ya ɗauki motar zuwa ɗaurin aure. Ya fi ta tsawo, don haka ya gyara madubin dama ya dace da shi. Litinin da yamma abin ya dawo. Ta koma wajen mai wayarin, ya sake taɓe-taɓe, abin ya lafa. Bayan mako ɗaya maigidan ya sake tuƙa motar, abin ya sake dawowa. A lokacin babu wanda ya lura cewa kullum bayan an taɓa maɓallin madubi ne hakan ke faruwa.

## Yuli: an zare soket

A zuwa na uku mai wayarin ya ce ƙwaƙwalwar da ke cikin ƙofa ce ta fara taɓuwa, canza ta kuma kuɗi ne mai kauri. Mafita mai arha, in ji shi, ita ce a raba madubin da wuta gaba ɗaya. Ya sa ta zauna a kujerar direba, ya saita mata madubai biyun har ta ce sun yi, sannan ya ɓalle gilasan, ya zare soket ɗin injinan da ke motsa su, ya mayar.

Daga ranar sunkuyawa ta ƙare, gyara da maɓalli ma ya ƙare. Mai son gyara madubi sai ya tura gilashin da babban yatsa, yana ƙas-ƙas. Na hagu da sauƙi, hannu kawai za a miƙa ta taga. Na dama kuwa sai an fita an zagaya an tura, a dawo a zauna a duba, in bai yi ba a sake fita. Maigidan ya gwada sau biyu ya haƙura, ya koma tuƙi da madubin da aka saita wa matarsa, yana ɗan ranƙwafawa in zai duba.

## Agusta: taya a kwata

Wata Laraba da magariba an sheƙa ruwa, kwata ta cika ta shafe bakin silab. Maigadi yana masallaci. Ta tsaya a lungu na ɗan lokaci, wani mai adaidaita sahu ya matsa mata da hon, ta yanke shawarar shiga ita kaɗai.

Abin da take gani a lokacin uku ne. Madubin tsakiya na nuna saman get. Madubin dama, wanda aka saita don titi, na nuna gefen mota daga hannun ƙofa zuwa sama da kuma lungun da ke baya. Kyamara na nuna farfajiyar gida da ƙasan da ke bayan bamba. Ita kyamarar a jikin ƙofar but take, tana kallon baya, tayoyin kuwa suna gabanta da wajen mita ɗaya. Duk faɗin hotonta, ba ta iya nuna inda tayar baya ke takawa. Abin da ya wuce bamba ya shige gefen mota ya fita daga hotonta ke nan.

Tayar dama ta zame daga bakin silab ta faɗa kwata. Samarin unguwa ne suka fito da ita da jak da guntayen katako, aikin kusan minti arba'in cikin yayyafi. Kaifin kankaren ya tsaga gefen tayar wajen santimita 4, ya kuma goge rim.

Mai faci ya juya tayar ya sa yatsa a tsagar ya ce, "Hajiya, wannan ba ta facuwa. Da a kan tudu ne da na yi, amma gefe ne." Gaskiya ya faɗa: gefen taya shi ke lanƙwasa a kowane juyi, faci ba ya riƙe shi yadda za a amince a hau babban titi. Aka sayi wata tayar, lamba 235/60 R18.

## Satumba: dabaru uku, sai kuma littafin mota

Dabarar farko ita ce ɗan madubin nan mai zagaye da ake mannawa a kusurwar babba, wanda yara ke tallarsa a danja. Ya nuna tayar, amma hoton bai fi girman kwabo ba. Da rana tana iya gane bakin silab, da dare sai duhu kawai. Bayan mako biyu a rana gam ɗinsa ya saki, ya faɗi a hanya.

Ta biyu, ta tura gilashin dama ƙasa da hannu ta bar shi haka. Shiga gida ya yi sauƙi nan take. Kwana huɗu bayan nan a titin Zariya ta zo komawa hannun dama, madubin na nuna mata kwalta da taya, ba ta ga motar da ke tafe ta wannan hannun ba sai da aka danna mata hon mai tsawo. A ranar ta mayar da gilashin sama.

Ta uku ita ce komawa ga maigadi da "taho, taho, karya, tsaya". Wannan na aiki muddin yana nan.

Ƙaninta ne, ɗalibin jami'a da ya zo hutu, ya nemo littafin motar a intanet ya sauke a wayarsa. Ya ce, "Yaya, ai wannan ba lalacewa ba ce, haka aka yi shi." Bayanin bai fi layi huɗu ba. Maɓallin da ake zaɓen madubi da shi yana da gurbi uku: L (hagu), tsakiya, da R (dama). In yana kan L ko R, madubai za su sunkuya da kansu idan an sa ribas don direba ya ga ƙasa. Wanda ba ya so sai ya bar maɓallin a tsakiya.

Wannan ya warware abin da ya faru a Yuni. Mai wayarin, garin danne-danne, yakan bar maɓallin a tsakiya, sai sunkuyawa ta daina. Maigidan in ya gyara madubin dama yakan bar shi a kan R, sai ta dawo.

Aka kai motar wajen wani mai wayarin daban, dattijo wanda ya fi yin aikin manyan motocin Japan. Ya mayar da soket biyun cikin minti ashirin, ya kuma nuna musu abin da ke bayan gilashin, wanda ya kamata a bayyana shi nan domin sauran labarin a kansa ya rataya.

Kowane madubi mai wuta yana da ƙananan injinan lantarki biyu, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na dama da hagu. Wannan ya isa a motsa gilashi da maɓalli, domin idon direba ne ke cewa ya isa. Amma don madubi ya sauka da kansa kuma ya koma daidai inda yake, dole motar ta san inda gilashin ya tsaya. Shi ya sa madubin motar da ke iya tuna zaman direba yake da ƙarin sensa biyu. Kowace ɗan tsinke ne na ƙarfe da ke zamewa a kan siririn layin gawayi, ƙarfin wutar da ke fita daga cikinta na canzawa gwargwadon inda gilashi ya karkata. Ƙwaƙwalwar da ke kula da madubin tana riƙe wannan adadi. In an sa ribas ta tura gilashi ƙasa, in an fita daga ribas ta juya injin har adadin ya koma na farko, sai ta tsaya.

Motsin ba shi da yawa, kuma ba ya buƙatar yawa. Ƙa'idar madubi ce cewa in aka karkata gilashi da digiri 5, layin da ido ke bi yana karkata da digiri 10. Ɗan sunkuyon nan da bai kai kaurin yatsa ba shi ke ɗauke kallo daga titi ya kai shi gindin taya.

Mako uku ta yi tana shiga gida da maɓalli a kan R, ba tare da maigadi ba. Suka kuma koyi amfani da maɓallan ƙofa: lamba 1 nata, lamba 2 na maigidan.

## Oktoba zuwa Nuwamba: sabon madubi da ba ya sunkuyawa

Tsakiyar Oktoba, a cunkoson wata kasuwa, adaidaita sahu ya kutsa ta dama ya tafi da madubin. Kwanson ya fashe, gilashi ya tarwatse, abin da ya rage sai wayoyi na reto. Dattijon ya yi tafiya, don haka direban ofishinsu ne ya karɓi aikin. Ya sayo madubi sabo fil a kwali, fentinsa ya dace, siffarsa iri ɗaya, kuɗinsa bai kai na asali ba. Da aka zo haɗawa sai soket ya ƙi shiga. Yaron da ya yi aikin ya yanke kan soket ɗin ya haɗa wayoyin injin ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe sauran wayoyin motar da suka rasa abokan haɗi da salatif ya tura su cikin ƙofa.

Da maɓalli madubin na motsi ta kowace fuska. A ribas na hagu na sunkuyawa, na dama na tsaye ƙyam. In ta danna lamba 1 kujera ta matsa, madubin hagu ya gyaru, na dama ko gezau. Aka canza fis, aka cire kan batir na minti goma aka mayar, wai ƙwaƙwalwa ta wartsake. Babu abin da ya canza.

Da dattijon ya dawo a Nuwamba, bai kunna motar ba ma. Ya buɗe ƙofa ya zaro wayoyin da aka naɗe ya ce, "Hajiya, waɗannan na sensa ne. Madubin da aka sa miki ba shi da ita. Motar tana tambayar inda gilashi yake, babu mai ba ta amsa, shi ya sa ba ta taɓa shi." Samfuri ɗaya na mota na iya fitowa da madubi iri daban-daban, mai tuna matsayi da marar tunawa, mai naɗewa da wuta da mai naɗewa da hannu, kuma daga waje duk kamanninsu ɗaya. Bambancin na cikin yawan wayoyi da lambar da ke jikin kayan.

## Disamba: yana sauka, ba ya dawowa daidai

Aka nemo na hannu a kasuwar Ƙofar Ruwa, wanda aka ciro daga mota irin tata. Wannan karon dattijon ya tafi da guntun tsohon soket ɗin a aljihu, aka ƙirga ƙafafunsa aka gwada da na wanda za a saya kafin a biya. Ya gyara wayoyin da aka yanke, ya ɗaura. A ribas madubin ya sunkuya.

Tsugune ba ta ƙare ba. Cikin mako guda ta lura cewa in ta fito da safe madubin dama na kallon ƙasa fiye da yadda ta bar shi, wata rana kuma sama. Dattijon ya yi gwaji mai sauƙi. Ya ajiye motar a gaban wata katanga, ya zauna a kujera, ya sa yaronsa ya ja layi da alli a katangar daidai inda saman gilashi ke yankewa a idonsa. Ya sa giya a ribas ya dawo P sau goma. Sau uku kawai layin ya koma wurinsa. Na hagu, da aka yi masa gwajin, ya koma sau goma cif. Wannan ya wanke ƙwaƙwalwar da maɓalli, ya bar zargi a kan madubin da aka sayo.

Ya ɓalle gilashin ya buɗe gidan injinan. Man da ke ciki ya daskare ya haɗu da ƙura ya zama kamar ƙullun lalle, har ya hau layin gawayin sensar sama da ƙasa. Kayan ya daɗe a kan kanta, ga kuma hunturu ya shigo. In datti ya shiga tsakanin tsinken da layin, adadin da ƙwaƙwalwa ke karantawa yakan yi tsalle, sai ta ga kamar an iso alhali da saura, ko ta wuce wurin. Ya wanke da feshin wanke kayan lantarki, ya goge da auduga a hankali don kada layin ya kankare, ya sa sabon mai kaɗan a haƙoran roba kawai. Ya mayar, ya kai gilashin ƙarshen sama da ƙarshen ƙasa da maɓalli sau da yawa, sannan ya maimaita gwajin alli. Sau goma, layi ya koma wurinsa sau goma.

## Janairu: inda aka tsaya

Abu biyu aka ƙara waɗanda ba su shafi wayoyi ba. An shafa farin fenti a bakin silab, faɗin tafin hannu, don ya fito a madubi da dare. Sannan ƙanin nata ya ajiye bulo a santimita 15 daga tayar baya, ya matsar da shi zuwa 30, ita tana zaune tana kallon yadda kowanne ke bayyana. Dalili shi ne madubin dama na motocin Amurka mai ɗan doro ne, yana faɗaɗa abin da ake gani amma yana ƙanƙanta shi, shi ya sa ake rubuta gargaɗi a ƙasansa cewa abin da ke ciki ya fi kusa da yadda ido ke gani. Tazarar da ta ɗauka taku guda ce, ashe ba ta kai tsawon tafin ƙafa ba.

Daga ƙarshen Disamba zuwa ƙarshen Janairu ta shiga gida kullum ba mai jagora, taya ba ta taɓa bakin kwata ba. Maɓallin zaɓen madubi na zama a kan R. In za ta fito da baya daga wurin fakin a kasuwa ko asibiti, inda abin tsoro mutane ne da ababen hawa ba kwata ba, takan mayar da shi tsakiya.

## Abin da nazarin ya nuna

A cikin wata takwas ɗin nan, lalacewa ta gaske sau biyu kawai aka samu: madubin da adaidaita ya fasa, da sensar da ƙura ta toshe. Duk abin da ya faru daga Yuni zuwa Satumba, har da tayar da aka rasa, ya biyo bayan ɗaukar aikin da aka ƙera motar ta yi a matsayin cuta. Mai wayarin na farko bai yi ƙarya da gangan ba, a ganina. Ya taɓa, abin ya daina, ya ɗauka shi ya gyara. Kuskurensa mai nauyi shi ne na Yuli, da ya kashe abin da bai gano dalilinsa ba. Alamar da ta kamata ta tsayar da shi a fili take: waya da ta taɓa wata ba ta saukar da madubai biyu tare, zuwa wuri ɗaya, a giya ɗaya, ta kuma mayar da su daidai.

Dabarun Satumba sun gaza ne saboda madubin gefe aiki biyu yake yi masu karo da juna. A titi ana son ya kalli nesa, a fakin ana son ya kalli gindin taya, gilashi ɗaya kuma ba ya kallon duka biyun a lokaci guda. Sunkuyawar ribas raba aikin take yi bisa giya. Tana da nata farashin, domin muddin madubi na kallon ƙasa, yaron da ya taho a guje daga ƙarshen lungu ba ya cikinsa, kuma ginshiƙin get daga tsakiya zuwa sama ya ɓace. Direban da ya kashe ta yana da hujja. A ƙofar gida mai kwata da tazarar santimita 20, ni dai ina ganin barinta a kunne ya fi.

Mai wata motar kada ya ɗauki tsarin Lexus ya ɗora wa tasa, don kamfanoni sun sha bamban. A BMW na gefen fasinja kaɗai ke sunkuyawa, kuma sai maɓallin zaɓe na ɓangaren madubin direba. A Volkswagen sai an juya maɓallin zuwa R, madubin kuma na komawa idan mota ta yi gaba ta wuce gudun kilomita 15 a awa. A Mercedes direba ne ke saita inda yake son madubin fasinja ya tsaya a ribas, motar ta riƙe. Lexus na baya-bayan nan ma suna barin a gyara zurfin sunkuyon ana cikin ribas, sai dai yana ɗaure da saitin tuƙi, in an canza wancan sai an sake wannan.

Madubin kwalin nan marar sensa yana nan a gidan, a saman kabad ɗin falo. Wanda ya sayar ya ƙi karɓa saboda an yanke soket ɗinsa.